Birkin da Makirufo Ya Ɗauka

"Lafiya lau na tashi, sai da kika shigo. Ya gajiyar rashin miji?"

"Ai ina da miji, ga shi nan a kujera ana jira ya rushe. Ka tashi duka, tsoho, ko akwai ɓangaren da ka baro a gado?"

"Na tashi duka. Gwiwa ce kawai ta ce in yi gaba za ta biyo ni. Mene ne a jakar nan? Kayan biko ne?"

"Kwamfuta ce."

"Allah ya kyauta. Matan wasu da abinci suke zuwa."

Shekara talatin da huɗu tsohon ya yi yana koyar da tuƙin mota kafin ido ya ce ya isa haka, kuma har yau ba wanda ya san shi da wani suna a unguwar sai Baba Birki. Jikar tasa kuwa shi ya laƙaba mata 'Yar Sauri, tun ranar da ya ɗora ta a motar koyo ta shiga gida da motar ba tare da ta jira an buɗe ƙofa ba. Daga ranar bai sake ba ta sitiyari ba, bai kuma daina ba da labarin ba.

Amma safiyar wannan Asabar ba tsokana ce ta kawo ta ba. Bayan shekara uku tana yawo da takardu, wata makaranta ta ɗauke ta aikin gwaji na wata uku, don ta koya wa malamai shigar da makin jarrabawa a wata sabuwar manhaja. Ta naɗi allon kwamfutarta a bidiyo tana nuna yadda ake yi, ta ɗora muryarta a kai, ta raba wa kowa. Malamai suka kalla, suka sa mata albarka, suka koma kan takarda da biro. Jiya shugabar makarantar ta kira ta ofis ta ce gwaji zai ƙare ranar Litinin. In Malamar Lissafi, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin, ta iya shigar da makin aji ɗaya da kanta ta hanyar kallon bidiyon, za a riƙe 'Yar Sauri a aikin. In ba haka ba, sai haƙuri. Shugabar ta ƙara da cewa muryar cikin bidiyon kamar ta wadda kare ya biyo. To, a duk danginsu 'Yar Sauri ba ta san murya mai nauyin jiki irin ta kakanta ba, mutumin da yake iya cinye minti biyu yana tambayar ina gishiri. Ba ta gaya wa kowa a gida zancen Litinin ba.

"Muryarka na zo aro," ta ce tana ajiye jaka.

"Ita kaɗai? Sauran jikin fa?"

"Sauran ba mai so ko a kyauta."

"Yarinya, muryar nan ta taɓa sa direban tirela kuka. Ba a aronta haka siddan. Sai kin ce: Maigida, ina neman alfarma, ka fi ni sani."

"Gara in ɗora muryar agwagwa."

"Kin riga kin ɗora, shi ya sa kika zo."

Wannan ta shige ta, don gaskiya ce. Ta kashe fanka, ta zare filogin firiji, ta rufe taga ta sauke labule. Ta cire agogon bango ta kai shi ɗaki ta danne da matashi. Sannan ta shimfiɗa bargo a kan teburin cin abinci, ta dasa makirufo a gaban kujerarsa. Tsohon yana binta da ido ta saman tabarau.

"Kin kashe fanka, kin rufe taga, kin tsayar da agogo. In gado kike so ki faɗa. Rediyo ɗaya ce da tabarau, kuma tabarau ɗin da zare aka ɗaure shi."

"Makirufo yana ɗaukar komai. Ko cikinka ya yi kuka sai ya ɗauka."

"To ki ba shi haƙuri tun yanzu, don ban karya ba."

Ta miƙa masa takardar da ta rubuta da manyan baƙaƙe. Ya kai ta nesa, ya dawo da ita kusa, ya gyara murya ya karanta.

"Danna nan. Sai a danna nan. Daga nan sai nan." Ya ɗago kai. "Wa ya rubuta wannan?"

"Ni."

"Na san ke ce, so nake ki ji kunya da bakinki. Nan ina? In na ce wa ɗan koyo juya nan, cikin kwata zai juya, kuma yana da gaskiya."

"Ai suna ganin kibiya a allon."

"Wace kibiya?"

Ta nuna masa 'yar kibiyar da ke yawo a allon duk inda aka tura linzamin kwamfuta.

"Wannan? Na ɗauka ƙuda ne. Saura kaɗan in kashe miki ita."

Ta karɓe takardar tana gunaguni, ta soke kowane "nan", ta rubuta koren maɓalli a sama ta hannun hagu, akwati na biyu daga ƙasa, da sauransu. A ranta ta san gyaran ya yi, amma ko da wuƙa a wuyanta ba za ta faɗa masa ba.

"Bidiyon zai tafi, kai kuma ka karanta daidai da abin da kibiya take yi. Minti huɗu ne. Ban da tari, ban da labarin motar da ka tuƙa kafin a haifi duniya."

"Gaisuwa fa?"

"Ɗaya."

"In tambayi yara?"

"Kada ka tambayi yara."

"Mutane za su ce ba ni da tarbiyya. Sai in ce a wajen matata na koya."

Ta danna jan maɓallin naɗi, ta ɗaga masa yatsa. Abin mamaki, tsohon ya iya. Muryar ta fito a natse, kowace kalma da gurbinta, irin muryar da ta saba gaya wa mai rawar hannu cewa ba abin da zai faru. 'Yar Sauri ta ji wani sanyi a ranta, har ba ta kula da komai ba sai leɓɓansa da allon. Da minti huɗun suka cika ta sa abin kunne ta saurara, sai fuskarta ta canja. A tsakiyar wannan murya mai daɗi akwai wani ƙara, dum, can kuma dum, can kuma dum. A kan allo, inda manhajar ke zana layin murya, kowane dum ya miƙe tsaye kamar ƙusa.

"Mene ne wannan dum-dum ɗin?"

"Maƙwabci ne, yana gyaran ƙofa."

"Maƙwabcinka ya tashi tun bara."

"To ya dawo ɗaukar ƙofarsa."

Ta ɗaga bargo ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ƙafarsa ta dama tana nan dunduniya a ƙasa, yatsu a sama, a shirye. Motar koyo birki biyu gare ta, ɗaya na ɗan koyo, ɗaya na malami a kujerar gefe, kuma ƙafar da ta yi shekara talatin da huɗu a kan na biyun ba ta san an yi ritaya ba. Kowa a gidan ya san halinta. Ko talabijin ake kallo, mota ta sha kwana da gudu, sai ta taka.

"Ƙafarka ce."

"Ba na shiga tsakaninta da kowa. Tare muke zama, amma kowa da harkarsa."

"Ka ce mata ta zauna lafiya."

"Gaya mata da kanki. Ni ta daina jin maganata tun kafin a haifi uwarki."

Ta ɗauko matashin kujera ta tura ƙarƙashin ƙafar, suka sake naɗi. Wannan karon ƙafar ta nutse a matashi, gwiwa ta daki tebur, makirufo ya ɗauki abin da ya fi na farko. A karo na uku ta cire masa takalmi, ta ɗora jakar kwamfuta a kan ƙafar. Ta dama ta yi shiru, ta hagu ta karɓi aiki.

"Wannan kuma ta mece ce?"

"Ta kuloci ce. Ta ga an danne 'yar'uwarta."

"Wallahi zan ɗaure ka a kujerar nan."

"Kakarki ta gwada. Ga ni, ga kujera."

"Sai in kira kafinta ya cire ƙafafun, in mayar maka bayan an gama."

"Ki ce ya sa min sababbi, masu gudu, in ga ko zan kamo kibiyarki."

Rana ta yi tsaka, ɗakin ya ɗauki zafi, gumi yana bin wuyansu. Naɗi uku, duka sun lalace. Ta gwada goge ƙarar ɗaya bayan ɗaya, amma duk inda ta goge sai ya tafi da rabin kalma. Ta duba waya ta ga lokaci, ta tuna shekara ukun nan na zama a gida da yadda ake tambayarta "har yanzu?" a kowace haɗuwar dangi.

"Kaka," ta ce. Rabon da ta kira shi da wannan suna har ta manta. "Don Allah. In bidiyon nan bai yi ba, ranar Litinin aikina ya ƙare."

Tsohon ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Bai ce mata sannu ba, don shi bai iya lallashi ba ko a lokacin da ɗalibansa ke faɗuwa jarrabawar lasisi.

"Sau nawa ta taka?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ƙafar. A na farko sau nawa?"

Ta ƙirga tsinayen layin. "Goma sha ɗaya."

"A na biyu?"

"Goma sha ɗaya."

"Na uku kuma ba sai kin ƙirga ba. Jera su ki gani."

Ta jera layukan muryar guda uku, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Tsinayen suka tsaya daidai da juna, sha ɗaya a kan sha ɗaya a kan sha ɗaya, ba wanda ya goce.

"Ƙafar nan ba ta yi boko ba," ya ce, "amma ba ta taka birki don nishaɗi. Inda ɗan koyo zai yi karo take takawa. Ni ban san kwamfuta ba, kuma malamarki ba ta fi ni ba. Koma na farko."

Ta mayar da bidiyon wurin tsinin farko.

"Nan ƙudan naki ya tashi daga wannan kusurwa ya sauka a waccan, ban ga hanyar da ya bi ba. Na biyu."

Ta matsa.

"Nan wani akwati ya leƙo ya koma. Da rubutu a cikinsa. Gaisuwa ce, zagi ne, ban sani ba. Na uku. Nan kin danna abu biyu a numfashi ɗaya, ni ina kan karanta na farko ke kin kai na huɗu. Kina shan kwana ba sigina, yarinya. Kin kawo ni in ja murya, alhali motar ce ke gudu."

Kunya ta kama ta, da haushi, da wani abu kamar sauƙi. Tun jiya take zargin muryarta, ashe hannunta ne. Ta san manhajar kamar tafin hannunta, shi ya sa ta naɗi allon da saurin wanda ya sani, ta ba wa waɗanda ba su sani ba.

"Da ma na lura," ta ce.

"Na sani. Ranar ƙofar gida ma kin lura, bayan kin shiga."

Ta cire jakar daga kan ƙafarsa ta kama aiki. A kan kowane tsini ta tsayar da hoton, ta ja shi ya yi tsawo, ta zana da'ira a kan maɓallin da za a danna, ta bar kibiya ta tafi a hankali yadda ido zai bi ta. Shi kuma yana gefe yana ba da umarni kamar an tambaye shi.

"Ƙara. Ƙara kaɗan. Ki bar wa mutum lokacin neman tabarau."

"In na ƙara, bidiyon zai kai sallar la'asar."

"Wa ya mutu don ya isa a makare?"

"Kai da aka ce ka zo ɗaurin auren iyayena ka isa ranar suna."

"Na isa dai, kuma ga abin da na tarar. Da na sani da na ƙara rage gudu."

Da suka kai tsini na tara, wanda ya fi kowane tsawo, sai ta yi sauri za ta wuce. Ƙafar ta taka.

"Tsaya. Me ya faru a nan?"

"Ba komai. Yanke shi zan yi."

"Na ga wani ja. Allon ya yi fari, sannan ya dawo."

"Kuskure na yi lokacin naɗi. Na danna jan maɓalli maimakon kore, sunayen yara suka ɓace, na dawo da su. Daƙiƙa ɗaya ce. Ba zan bar malamai su ga na yi kuskure ba."

"Da me kika dawo da su?"

"Da wannan lanƙwasasshiyar kibiyar ta sama."

"Wato ribas."

"Kusan haka."

"Kuma shi za ki yanke." Ya gyara zama. "Kin san abin da ke hana babban mutum taɓa sitiyari? Tsoron zai shiga inda ba zai iya fitowa ba. Malamarki tana ganin in ta danna ba daidai ba, makin yara arba'in zai bi iska, a ce tsufa ya kama ta. Ni ban taɓa barin ɗalibi ya hau titi bai iya ribas ba. Bar shi, ki ja shi ya fi kowane tsawo."

"Sai su ce ban iya ba."

"Ai ba ki iya ba. Ni zan gaya musu, don ya fito daga bakin mai mutunci."

Ta bar shi. Bidiyon minti huɗu ya koma minti tara. Ta danna jan maɓallin naɗi a karo na huɗu, ta ɗaga yatsa, ta ƙura wa ƙafar ido. Tsohon ya yi gaisuwarsa ɗaya, ya tafi a natse, kibiya tana biye da muryarsa. Da aka zo wurin na tara ya ajiye takardar ya yi magana da ka.

"A nan matata ta danna ja maimakon kore. Kun ga komai ya ɓace. Kada gabanku ya faɗi, ba abin da ya lalace. Ku ma za ku yi, kowa yana yi. Ku duba sama, ga wata lanƙwasasshiyar kibiya. A danna ta sau ɗaya. Ina jira. To, ga yaranku sun dawo."

Har aka gama ƙafar ba ta motsa ba. Layin muryar ya fito sumul, ba tsini ko ɗaya.

"Matata kuma? A bidiyon makaranta?"

"In kin yanke zan taka."

Ta haɗa murya da hoto, ta tura wa Malamar Lissafi ta waya tare da roƙon ta gwada a kwamfutar makaranta da ke hannunta. Sannan ta mayar da filogin firiji, ta dafa masa shayi, ta zauna tana duba wayar kowane minti. Awa ɗaya ta wuce. Ya ce wayar ba ta da laifi, ta daina hararar ta. Ta ce ya sha shayinsa kafin haƙorin da ya rage ya faɗa ciki. Ya ce haƙorin nan ya ga gwamnati bakwai, zai ga aurenta ma in an samu mai tsautsayi. Tana buɗe baki za ta rama, wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne, tare da hoton allo cike da sunaye da maki.

"'Yata, na shigar da aji ɗaya, yara arba'in da biyu, ni kaɗai," in ji Malamar Lissafi. "Sau biyu na danna jan nan, sau biyu na dawo da su. Na tura wa shugaba hoton, ta ce ki kawo sauran bidiyon ranar Litinin, za a raba wa kowa a zangon gaba. Ki gaida min mutumin nan mai murya. Tun da aka kawo injinan nan, shi ne na farko da ya jira ni."

'Yar Sauri ta kife wayar a kan bargo. Idonta ya ciko, ta kau da kai tana kallon labule.

"Kunna fanka," in ji tsohon. "Idonki na gumi."

Ta tashi ta kunna, ta dawo ta fara naɗe wayoyin makirufo.

"Ina za ki kai shi? Akwai sauran naɗi ɗaya."

"Sauran biyar ne, kuma sai gobe."

"Ba waɗannan ba. Alfarmata. Kusa da makirufo, don in riƙa ji kullum bayan cin abinci."

"Ai aiki ya riga ya ƙare, tsoho. Wa zai tilasta ni?"

"Bidiyo biyar. Ni da ƙafata muna iya tafiya hutu."

Ta dube shi, ta dubi ƙafar. Ta ja kujera, ta danna jan maɓalli, ta kai baki kusa da makirufo, ta zubo maganar gaba ɗaya a numfashi ɗaya don a wuce wurin.

"Maigida-ina-neman-alfarma-ka-fi-ni..."

Dum.

Wani dogon tsini ya miƙe a kan allo. Fuskar tsohon ko gezau, yana kurɓar shayinsa. Dariya ta ƙwace mata har ta kifa kai a kan tebur, ta daɗe kafin ta ɗago tana share ido.

"Koma baya," ya ce. "Ki taho a giya ɗaya. Ina jira."